Donme da Waɗanda Ba a Ɗauka Ba

Ƙanwar matata ce. A gidansu ba mai kiranta da sunanta na gaskiya, kowa Donme yake ce mata, har mahaifiyar da ta haife ta. Matata ta ce tun tana ƙarama, in aka aike ta sai ta ja ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Don me?" Ba ƙiwa ba ce, za ta je aiken, amma sai ta ji dalili tukuna. Lokacin da na auri yayarta tana ajin ƙarshe na firamare. Ranar da na fara cin abinci a gidan ta zauna ta zuba mini ido, can ta tambaye ni abin da ya sa nake yawo da biro uku a aljihu. Na ce baƙi na rubutu ne, ja na gyara, shuɗi na sa hannu. Ta ce to in baƙin ya ƙare ana tsakiyar rubutu fa, aiki ya tsaya ke nan? Tun daga ranar take ce mini Yaya Akawu, kuma akawun ne ni, a ofishin fansho, har yau.

Ta yi karatun kiwon dabbobi a jami'a, ta fito da sakamako mai kyau, ba na ƙin ƙarawa ba. Ta samu aiki a wani kamfanin ƙyanƙyasar kaji da ke bayan gari, ta auri tela, mutum mai sanyin hali da ba ya ɗaga murya ko da kekensa ya tsinke zare ana jiran kaya, suka haifi yara biyu. Ta haura shekara goma a kamfanin, har aka ɗora ta a kan ɗakin injina.

Ɗakin dogo ne, babu taga. Kafin ka shiga sai ka sa takalmin roba ka tsoma ƙafa a ruwan magani. Injinan suna jere kamar manyan kabad, suna gurnani a hankali, ga ɗumi mai danshi da ke manne wa mutum a fuska. A cikin kowane inji akwai tire-tire na ƙwai hawa-hawa, daga ƙasa har sama, suna karkata da kansu lokaci zuwa lokaci. Bayan mako uku sai 'yan tsaki su fito, a kwashe su a kwali, masu kiwo su zo su saya.

A nan ta gamu da tambayar da ta hana ta sakat. A tsohon injin da ke can ƙarshen ɗaki, ƙwan da ke tiren sama ba ya ƙyanƙyashewa kamar na ƙasa. Ta gaya wa Manaja, ya kira mai gyara, mai gyara ya buɗe, ya auna zafi, ya ce injin lafiyarsa ƙalau. Ita dai ba ta gamsu ba. Wani zubin bambancin ya fito ƙuru-ƙuru, wani zubin ya ƙanƙance har ka ce babu. Abin da take so ta sani shi ne, yaushe bambanci yake zama na gaske, yaushe kuma yake zama sa'a kawai. Wata likitar dabbobi da ke zuwa duba musu kaji ita ta ce mata ai wannan tambayar fanni guda ce, ana karanta ta a jami'a, sunanta ƙididdiga, kuma akwai digiri na biyu da ake yi na amfani da ita a wurin aiki, ranar Juma'a da Asabar.

Wata Asabar da la'asar ta shigo gidanmu da takardu a jakar leda. Ta gaida yayarta a tsaitsaye ta wuce falo inda nake.

"Yaya Akawu, makaranta zan koma."

Matata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wace makarantar kuma? Ke da 'yarki ta kusa shiga sakandare?"

"To ai sai mu riƙa fita tare, Yaya."

"Allah ya shirye ki. Shi mijin naki me ya ce?"

"Ya ce in dai ba shi za a yi wa jarrabawa ba, ya amince."

Daga nan ta yi mini bayanin inda gizo ke saƙa. Kamfanin zai buɗe sabon reshe a wani gari mai nisa, kuma ita Manaja ya sa a ransa zai tura ta riƙe ɗakin injinan can. Da ta kai masa zancen karatu sai ya ce mata magana ɗaya. In jami'a ta ɗauke ta bana, ta kawo masa takarda kafin a fara kwashe kaya zuwa reshen, zai bar ta a nan, ya kuma sake ta ranakun karatu. In ba ta kawo ba, ta haɗa kayanta, kuma a can babu jami'a ko ta magani. Wato bana ce kaɗai take da ita.

Muka baje takardun a tebur. Jami'a tana son sakamakonta na digirin farko, da shaidar mutum biyu da suka san aikinta, da bayani na shafi biyu a kan abin da ya sa take son karatun da matsalar da take son bincikawa. Wanda ya tsallake wannan sai a kira shi ganawa da malamai. Na buɗe mata fayil sabo, na rubuta a bangonsa abin da aka samu da abin da ya rage. Sakamako da shaidu ba su ba mu wahala ba, zirga-zirga ce kawai. Bayanin nan na shafi biyu shi ya tsaya mata a wuya.

"Me zan rubuta? In ce musu ƙwai ne ya dame ni? Masu nema sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba." Ta juya biro a hannu. "Ku a ofishinku, in sabon mutum yana son takardarsa ta wuce, yaya yake yi?"

Na ba ta amsar da kowane akawu zai bayar. Na ce yana zuwa a ciro masa fayilolin da suka riga suka wuce, ya ga yadda aka tsara su, ya bi sawu.

Idonta ya kawo haske. "Shi ke nan! Zan nemo waɗanda aka ɗauka bara da bara waccan, in ga abin da ya haɗa su."

Samunsu bai yi wuya ba. Wanda jami'a ta ɗauka ba ya ɓuya, shi da kansa yake sa hotonsa a waya yana tsaye a ƙofar sashe. Wannan ya ba ta lambar wancan, wancan ya haɗa ta da ƙawarsa. Tana kiransu a lokacin hutun rana, ta tambaye su abin da suka karanta, da inda suke aiki, da abin da suka rubuta a bayaninsu. Sun bambanta a kusan komai. Akwai injiniya, akwai ma'aikacin banki, akwai malamar makaranta. Amma abu ɗaya ya haɗa kusan dukkansu: a kan harkar lafiya suka yi rubutu. Wannan yaɗuwar cuta, wancan rigakafi, waccan cunkoso a asibiti.

"Ka ga sirrin," in ji ta. "Asibiti suke so."

Ni ma na ga haka. Ta shafe makonni tana karance-karance, ta rubuta shafi biyu a kan yadda za a rage jiran layi a asibitocin yara. Ta karanta mana a falonta, mu huɗu, da ni da matata da ita da mijinta. Rubutun ya tsaru, babu inda zan sa jan biro. Matata ta ce ma sha Allah. Tela yana gefe yana warware bakin wani wando da reza, bai ce komai ba sai da ta matsa masa.

"Ɗinki ya yi kyau," ya ce. "Awon ne dai kamar ba naki ba."

"Kai da ba ka san komai a ciki ba?"

"Shi ya sa na yi shiru, ke kika ce sai na yi magana."

Aka yi dariya, aka bar zancen a nan.

Ana saura kamar mako biyu a rufe karɓar takardu, na karɓo mata kwafin sakamakonta da aka buga wa hatimi. Ban so ya kwana a hannuna ba, sai na hau mota na kai mata wurin aiki. Mai gadi ya ce tana baya, yau ranar fasa ƙwai ce. Ban taɓa jin wannan aikin ba.

Na same ta a wata rumfa bayan ginin, ta ɗaure hanci da ƙyalle, ta sa safar hannu. A gabanta dogon tebur ne na ƙarfe, da tire-tiren ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba, da bokiti. Wari kuwa tun daga nesa ya tare ni. Tana ɗaukar ƙwai ɗaya-ɗaya, ta ɓula kansa da ɗan ƙarfe, ta leƙa, ta juye a bokiti, ta yi alama a takarda. Na tsaya can baya da hankici a hanci.

"Matso mana, Yaya Akawu, ba ya cizo."

"Nan ma ya isa. Wannan wane irin horo ne aka yi miki?"

"Ba horo ba ne, duk bayan ƙyanƙyasa muna yi. Ka ga wannan, fari tas, tun farko ba shi da ɗa, matsalar daga zakara ce. Wannan kuwa ya fara, ga ɗigon jini, sai ya mutu da wuri, ƙila ya daɗe a ajiye ko ya sha jijjiga a mota. Wannan ka gan shi da gashinsa, ya kusa fitowa ya kasa, shi kam sai a tuhumi inji."

Abin ya ba ni sha'awa duk da warin, har na matso taku biyu. Ta ɗaya ƙofar ina jiyo kukan 'yan tsaki ana zuba su a kwali, rawaya shar, masu tsabta.

Na ce, "To me ya sa ba za ki je can ki duba masu rai ba, ki ga abin da ya sa suka yi kyau? Ki bar baragurbi da warinsa."

Ta yi dariya ta cikin ƙyalle. "Haba Yaya. Wanda ya fito me zai gaya mini? Duk abin da zan gani a jikinsa, ƙila wanda ya mutu ma yana da shi. Sai na haɗa su biyun zan san inda suka rabu. In na tsaya a kan masu rai kaɗai ai..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya da ƙwai a hannu, tana kallona, ni ma ina kallonta.

"Yaya Akawu. Fayilolin da aka ƙi a ofishinku, ina kuke ajiye su?"

Na ce ba ma ajiyewa. Wanda aka ƙi, mai shi ake miƙa wa ya tafi da abinsa. Abin da ke cikin kabad ɗinmu duk wanda ya wuce ne. Ina faɗa ina jin yadda maganar take sauka. Na yi shekaru ina buɗe kabad ɗin nan, ban taɓa tunanin cewa rabin labari ne a ciki ba.

Ta ajiye ƙwan a hankali. "Ban tambayi mutum ko ɗaya da aka ƙi ba."

Nan aka shiga aiki mai wuya. Ashe a garin nan kaf ba wanda jami'a ta taɓa ƙi. Kowa shi ya fasa da kansa. Wani ya ce aiki ne ya yi masa yawa, wata ta ce dama ba da gaske ta nema ba, wani kuma ya kashe waya da ya ji tambayar. Ta je ofishin sashen ta roƙi sakatare, ya ce mata ba sa ba da sunan kowa, kuma ni a matsayina na akawu na ga gaskiyarsa.

Tela ne ya fitar da ita. Shagonsa yana kusa da hanyar jami'a, kuma mutum in ya ɗaga hannu ana auna masa ƙirji, bakinsa yakan saki. Sai ya riƙa jefa zancen kamar ba komai, wai matarsa na neman karatun nan amma shi yana ganin ba za a ɗauke ta ba. Cikin 'yan kwanaki ya samo mata mutum uku: wani mai shagon magani, da wata ma'aikaciyar kamfanin inshora, da wani malamin lissafi na sakandare da aka ƙi har sau biyu. Shi malamin ya yarda su haɗu a shagon telan, Donme ta ce in zo in zama shaida.

Dogon mutum ne mai fara'a, da alli a gefen hannun rigarsa. Ya zauna a kan benci tsakanin yadudduka.

"Malam, ka yi haƙuri da tambayar," in ji ta. "A kan me ka rubuta bayaninka?"

"Karo na farko cutar sukari. Karo na biyu hawan jini. Bana ina tunanin ciwon ƙoda, in ga ko jikinsu zai karɓa."

Tela ya yi dariya har ya saki almakashi.

"Ka taɓa aiki a asibiti?"

"Na taɓa kwanciya dai."

"To don me ka zaɓi harkar lafiya?"

"Ai kowa ya san ita suke so. Na tambayi waɗanda aka ɗauka, duk abin da suka rubuta ke nan."

Ta juyo ta kalle ni. Sauran biyun ma da ta kira su haka zancen yake, mai shagon magani a kan zazzaɓi, ma'aikaciyar inshora a kan haihuwa. Waɗanda aka ɗauka asibiti, waɗanda aka ƙi asibiti. Maganar ta zaga gari ne kawai, kowa yana kwafar na gabansa.

A hanyar komawa na tambaye ta ko yanzu ta gano abin da ke raba su. Ta ce a'a. Mutum uku ba su isa a gina magana a kansu ba, kuma ba ta san ko sun yi kama da sauran da suka ɓuya ba. Abin da ta sani kawai shi ne asibiti ba ya shigar da mutum, ba ya kuma hana shi. Na lura ba ta cikin damuwa kamar yadda na zata. Tafiya take tana magana da hannu, kamar wadda aka ba wa kyauta.

A gida kuwa matata ba ta ga abin murna ba.

"Yanzu ke rubutun da kika gama, mai kyau, za ki yar? Ki je ki ce wa manyan malamai ruɓaɓɓen ƙwai ya kawo ki? Wallahi dariya za su yi miki."

"Yaya, in suka tambaye ni a kan asibiti, tambaya ta biyu zan ƙare. Ƙwai kuwa su kwana suna tambaya."

"Kuma in suka ƙi ki, ki kwashi yara ku tafi can ƙarshen duniya, in riƙa ganinku sau ɗaya a shekara."

Wannan ce damuwarta ta gaskiya. Donme ta kama hannun yayarta ta riƙe. Washegari ta fara sabon rubutu. Ta bayyana ɗakin, da tsohon injin, da tiren sama, da shekarun da ta yi tana lura, ta ce tana zargin zafi ne ke taruwa a sama amma ba ta san hanyar tabbatarwa ba. Bai kai na asibitin santsi ba. Na gyara mata waƙafi a wurare kaɗan, na duba fayil na ga komai ya cika, ta tura ana gobe za a rufe.

Aka kira ta ganawa. Ban je ba, amma da ta fito ofishina ta wuce kai tsaye, ta zauna a kujerar tsofaffin da ke zuwa bin haƙƙinsu, ta ba ni labari filla-filla.

Malamai uku ne a bayan tebur, shugabar sashe a tsakiya, wata dattijuwa mai tabarau a goshi. Ba su yi dariya ba. Na gefen dama ma cewa ya yi tun safe suke jin ciwo iri-iri, bari su ɗan huta da kaji. Ya yi mata tambayoyin lissafi, ta amsa wasu, ta kasa wasu, domin rabonta da irin wannan lissafin tun shekarar farko a jami'a. Sai shugabar ta sauke tabarau.

"Ƙwan nan daga ina yake zuwa?"

"Daga gonaki biyu, ranki ya daɗe. Ɗaya kusa, ɗaya da nisa."

"Wa ke jera shi a inji?"

"Ma'aikata. Suna farawa daga ƙasa, saboda ya fi sauƙi, su ƙare a sama."

"Motar wace gona ke fara isowa?"

"Ta kusa."

"Kullum?"

"Kusan kullum."

"To na gona mai nisa a ina yake ƙarewa?"

Donme ta ce ta gane inda aka dosa, amma ba ta sallama nan take ba. Ta ce ai sauran injinan ma haka ake jera su, kuma ba ta ga bambancin a can ba. Shugabar ta tambaye ta ko sauran ma ana cika su da ƙwan gonakin biyu a rana ɗaya. Ta yi tunani ta ce a'a, sababbin injinan gona ɗaya ke cika kowannensu, tsohon ne kaɗai ake haɗa masa ragowa.

"To kin gani. Zai iya zama zafi, kamar yadda kika ce. Zai iya zama doguwar hanya. Bayanan da kika tara ba za su raba miki su ba, ko da kin ƙara wasu shekarun kina tarawa, domin sama da nisa kullum tare suke tafiya."

Donme ta ce sai ta ji kamar an zare mata kujera. Shekaru tana rubutu, ashe tambayar ba ta amsuwa a haka. Ta manta ma cewa ita ake gwadawa, ta ce, "To yaya ake raba su?"

"Ke me kike gani?"

"A sa na nesa a ƙasa, na kusa a sama?"

"Da sauƙi-sauƙi. Amma wa zai zaɓi wane tire ya je ina? In ke ce, hannunki zai bi zarginki ba ki sani ba. Ki bar ƙuri'a ta zaɓa."

Daga nan suka ce ta tafi, za ta ji daga gare su.

"Na faɗi, Yaya Akawu," ta ce mini. "Lissafi na kasa, ƙwan ma da nake taƙama da shi an nuna mini ban san shi ba." Ta gyara zama. "Amma ka ji dabarar nan kuwa? Ƙuri'a! Wai rashin zaɓi shi ne maganin son zuciya. Wa ya fara tunanin wannan?"

Ba ta jira sakamako ba. A zubi na gaba ta hana a loda tsohon injin sai motocin biyu sun iso. Ta rubuta lambar kowane hawa a guntun takarda, ta zuba a hular wani ma'aikaci, duk tiren da aka ɗauko sai a zaro takarda a kai shi inda takardar ta faɗa. Ma'aikata suka yi ta gunaguni, domin aikin ya ninka. Manaja ya shigo ya tarar ana zaro takardu daga hula, ya tambaya ko caca aka buɗe masa a kamfani. Ta yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, ya ce ta yi na wannan zubin, amma ta tuna nan da mako uku zuwa huɗu motoci za su fara kwasar kaya zuwa reshe, kuma shi bai ga takarda ba.

Jami'a kuwa shiru. Kullum sai Donme ta duba waya. Na kira wani akawu da na sani a can, ya ce jerin sunaye yana teburin da ake sa hannu, mai sa hannun kuma ya yi tafiya. Na san irin wannan teburin, ba a yi masa gaggawa. Tela ya fara tambayar kuɗin hayar shago a sabon garin. Matata ta daina zancen gaba ɗaya, sai dai ta riƙa aika wa yaran abinci ba dalili.

Saƙon ya shigo ranar da motar farko ta tsaya a ƙofar kamfani. An ɗauke ta, da sharaɗi: za ta yi ƙarin darasin lissafi a zangon farko, in ba ta ci ba ta rasa kujerar. Ta ruga ofishin Manaja da wayar a hannu. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce shi takarda ya ce, ba waya ba. Ta fita ta tsallaka titi shagon masu buga takardu, ta dawo da ita da ɗuminta. Ya sa tabarau ya bi ta layi-layi har ya kai kan sharaɗin.

"Wannan ai rabin ɗauka ne."

"Ranka ya daɗe, cewa ka yi in sun ɗauke ni."

"In kika faɗi lissafin fa?"

"Sai in hau mota ta gaba."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗaga waya ya kira mataimakinta, ya ce masa ya je gida ya gaya wa iyalinsa su fara shiri, shi zai riƙe reshe.

Da yamma ta kawo mini kwafi na sa a fayil. Matata ta rungume ta tana yi mata faɗa a lokaci guda, wai ta kusa sa mata hawan jini a banza. Da hayaniya ta lafa na tambaye ta ƙwan ƙuri'a, domin ni ma abin ya shiga raina.

Ta ce sun ƙyanƙyashe shekaranjiya. Na gona mai nisa ya ɗan gaza a ko'ina aka sa shi, na sama ma ya ɗan gaza ko daga ina ya fito.

"To wanne ne ke nan?"

"Ƙila duka biyun. Ƙila ba ko ɗaya, zubi guda ne kawai. Sai an maimaita, kuma sau nawa za a maimaita ɗin ma akwai yadda ake lissafa shi, yana cikin darasin zango na biyu." Ta miƙe ta rataya jaka. "Sai na tsallake na farkon tukuna. Yaya, ki riƙe mini yara ranar Asabar, ƙarfe takwas muke shiga aji."